Gangara

Gangara (suna, mace): a lissafi, ma'aunin yadda miƙaƙƙen layi ke hawa ko sauka, wato canjin y a raba shi da canjin x, alamarta m. Layin da ya ratsa (1, 2) da (3, 8) gangararsa 3 ce, domin y ya ƙaru da 6, x kuwa da 2. Da ɗigo ɗaya da gangara an sami layin: y − 2 = 3(x − 1). Wasu na cewa y = mx + c ya wadatar, amma wannan sai an fara gano c, wato inda layin ya yanke ginshiƙin y, alhali nan da ɗigon da ke hannu ake farawa: a matsa dama 1, a hau 3, a ja layi. Layin tsaye ba shi da gangara, don canjin x ɗinsa sifili ne, kuma ba a rabawa da sifili.