Man da Ke Kare Injin Jirgin Ƙarƙashin Teku

A 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka nutsa kusan mita 11,000 a Tekun Fasifik cikin jirgin Trieste, kuma tankin fetur ne ya dawo da su sama, domin fetur ya fi ruwa rashin nauyi, ba ya kuma matsewa kamar iska. Masu ƙera ƙananan jiragen ƙarƙashin teku sun bi wannan hikima: su cika injin farfela da mai, jakar roba ta daidaita matsin ciki da na waje. Wasu na cewa mai yana rage gudun injin, sanyi kuma yana ƙara masa kauri. Haka ne, amma murfin ƙarfe mai jure matsi da zai maye gurbin man ya fi nauyi da tsada. A zaɓi mai tsinkakke, wanda lantarki ba ya ratsawa, ba ya kuma cin roba.