Yadda Kwamfuta Ta Mayar da Manyan Hafsoshin Amurka Aji

A shekarar 1964, zamanin da kwamfuta ɗaya kan cinye ɗaki guda, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta buɗe wata ƙaramar cibiya a Washington domin koya wa hafsoshi da manyan jami'anta amfanin wannan na'ura. Babu batun yaƙi a lokacin. Damuwar ita ce ana kashe maƙudan kuɗi wajen sayen injuna, alhali masu sa hannu a takardun sayen ba su san kan abin ba. Daga baya aka mayar da cibiyar ƙarƙashin Jami'ar Tsaro ta Ƙasa da ke Fort McNair, a 1988 kuma ta zama kwalejin koyar da sarrafa bayanai. Har zuwa nan, karatu ne na gudanarwa da kasafi.

A watan Nuwamban 1988 ne wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki manhajar da ta riƙa hayayyafa da kanta, ta durƙusar da dubban kwamfutoci. An ɗauki abin a matsayin matsalar injiniyoyi. Wanda ya girgiza manya shi ne atisayen Eligible Receiver na 1997, inda ƙwararrun hukumar leƙen asiri ta NSA suka yi shigar abokan gaba, suka kutsa cikin na'urorin soja da kayan aikin da kowa zai iya samu a intanet. A nan aka gane cewa janar na iya mallakar jiragen yaƙi da tankoki, amma a toshe masa hanyar ba da umarni yana ji yana gani.

Sai kuma 2008. Aka soka wani ɗan filashi mai ɗauke da muguwar manhaja a kwamfutar wani sansanin Amurka a Gabas ta Tsakiya, cutar ta bazu har cikin hanyoyin sadarwa na sirri. An fi shekara ana sharewa. Wannan na cikin dalilan kafa Rundunar Yaƙin Intanet, wadda ta fara aiki a 2010 ƙarƙashin Janar Keith Alexander.

A ganina, abin da ya sa karatun wannan kwaleji ya kai matakin digiri na biyu ba wahalar na'ura ba ce. Matasan da suka iya rubuta manhaja ba su yi ƙaranci ba. Tambayoyin da ke isa teburin shugaba ne ba su da sauƙi. Wa ya kawo harin, tunda maharin kan fake da kwamfutocin wata ƙasa? Idan an kashe wutar lantarkin birni ba a harba harsashi ko ɗaya ba, yaƙi ne ko laifi? Da me za a rama, kuma wace doka ta yarda? Ga shi yawancin bankuna da tashoshin wuta da layukan sadarwa a hannun 'yan kasuwa suke, soja ba shi da ikon ba su umarni. Estoniya ta ɗanɗana irin wannan hari a 2007, da aka rufe shafukan bankuna da na gwamnatinta da ambaliyar saƙonni bayan rikicin ɗauke wani mutum-mutumin sojan Sobiyet. Shekara guda bayan haka ƙungiyar NATO ta kafa cibiyar bincike da horo a Tallinn, wadda ta ɗauki nauyin littafin jagora na 2013 kan yadda dokokin ƙasa da ƙasa suka shafi irin wannan yaƙi. Kwas ɗin mako biyu ba ya warware irin waɗannan tambayoyi, kuma shugaban da ya bar wa ƙananan jami'ansa su ya saki ragamar aikinsa ne.

A 2016 NATO ta amince cewa sararin intanet fagen daga ne kamar ƙasa da ruwa da sama. Ita kuma tsohuwar cibiyar 1964 an sake mata suna zuwa Kwalejin Bayanai da Sararin Intanet, inda kanar-kanar da manyan ma'aikatan farar hula ke zama aji ɗaya suna neman digiri na biyu a dabarun tsaro.