Daga Lugu zuwa lambar girma: yadda Arewa ke tuna masu yi mata hidima

A shekarar 2024 hukumomin Nijar suka ƙirƙiro wata lambar girma ta ƙasa, suka sa mata sunan Sarauniya Mangu. Sunan da ya fito daga Lugu, wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Dankasari a gundumar Dogon Dutsi, shi ne yau ake maƙala wa mutane a ƙirji a Yamai. Mu Arawa muna da dalilin yin alfahari. Amma a matsayina na malamin makaranta, abin da ya fi jan hankalina shi ne hanyar da sunan ya bi kafin ya kai can, domin a cikinta akwai darasi ga malamai da iyaye.

A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ta iso ƙasar Arewa, bayan ta ƙone garuruwa da dama a kan hanyarta ta zuwa tafkin Chadi. Sarauniyar Lugu ta ƙi miƙa wuya. Maharbanta suka tare su da kwari da baka, suka ja su cikin kurmi. Rahoton Faransawan da kansu ya ce sun ƙarar da harsashi kusan 7,000, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Sun ƙone garin, amma ba su kama ta ba. Daga nan suka wuce Birnin Ƙonni inda suka yi kisan gilla, kuma a watan Yuli na wannan shekara sojojinsu suka juya musu baya suka hallaka su biyun.

Shekaru tamanin bayan haka labarin yana bakin tsofaffin Lugu da Bagaji da Matankari ne kawai. Sai a 1980 marubuci Abdoulaye Mamani, wanda ba ɗan Arewa ba ne, ya fitar da littafinsa a kanta da Faransanci. A 1986 Med Hondo, ɗan Mauritaniya, ya mayar da littafin fim, kuma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a 1987. Shi kansa Mamani hatsarin mota ne ya yi ajalinsa a 1993, yana kan hanyarsa ta zuwa Yamai karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. Wanda ya ɗaga sunan Sarauniya bai kai ga riƙe tasa karramawar da hannunsa ba.

To, me ya raba Sarauniya da sauran? Rubutu. A kudancinmu, wajen Tibiri, akwai Samna Ƙarhe, wanda a tsakiyar ƙarni na 19 ya haɗa kai da Kabi da jarumawan Zabarmawa irin su Dauda Bugaran da Isa Korombe suka yi fito-na-fito da ikon Gwandu. Makaɗa da maroƙan gidan Samna ba su manta da shi ba. Amma ka tambayi ɗan aji shida a Dogon Dutsi ko Kore Mairuwa wane ne shi, ka ji abin da zai ce maka. Littafin da ya fi tattara tarihin Arawa, wanda Marc-Henri Piault ya wallafa a 1970 daga bakin dattawanmu, da Faransanci yake, kuma ba a kowace makaranta ake samunsa ba.

Kakanninmu suna da nasu tsarin karramawa, kuma ba su jira kowa ya ba su izini ba. Akwai kirari, wanda ke bin mutum har bayan ransa. Akwai sarautun sana'a: Sarkin Noma, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Baka. Ba a naɗa mutum Sarkin Noma don ya iya magana. Sai an ga damman gero a rumbunsa, an kuma ga ya ciyar da jama'a. Akwai sanya wa rijiya ko unguwa ko ƙauye sunan wanda ya fara sare dajin. Duk waɗannan a gaban mutanen gari ake yinsu, inda kowa ya san wanda ya yi aiki da wanda ya yi ta baki.

Da zuwan mulkin zamani, karramawa ta koma hannun hukuma. Akwai lambobin ƙasa, har da wadda aka keɓe wa ma'aikatan ilimi. Akwai takobin kokowa da ake fafatawa a kansa tun 1975, kuma filin kokowa na Dosso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani. Dumega ta shiga bakin duniya saboda can aka binne shugaba Ibrahim Bare Mainasara bayan kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai dai duka suna kallon sama ne: shugaba, soja, zakara.

Ina ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari? Ina magina rijiyar da suka nutsa ƙasa gaba talatin a kan tudun fako don mata su huta da tafiya? Ina malamin da ya buɗe aji na farko a rumfar kara, yana bin gida-gida yana roƙon a ba shi yara? Ina matan da ke noman rani a bakin Tapkin Saw? Waɗannan ba su da maroƙi, ba su da marubuci. In tsohon da ya san su ya rasu, shi ke nan. Kuma yaron da ya tashi bai taɓa jin an yaba wa mai hidima a garinsu ba, zai ɗauka girma sai a Yamai ko bayan an tsallaka iyaka.

Abin da nake gani za mu iya bai buƙatar kuɗin kowa. Kowace makaranta ta buɗe kundi guda, malami ya tura ɗalibai wajen kakanninsu su tambayo wa ya haƙa rijiyar unguwa, wa ya dasa itatuwan kasuwa, a wace shekara, su rubuto da Hausa. Kwamitin iyaye kuma, a bikin rufe shekara, bayan an ba ɗalibai kyaututtuka, a kira mutum ɗaya daga cikin gari a faɗi aikinsa a gabansa, tun yana raye yana ji. Yabon gwani ya zama dole, kuma ya fi daɗi in mai shi yana wurin.