Tarihin Ajin 2000, Kamar Yadda Littafin Monita Ya Adana Shi

Maƙalar wannan makon ta tarihi ce, sai dai babu sarki a cikinta, babu yaƙi. Tarihinmu ne, mu da muka shiga wata sakandaren kwana ta maza a 1994 muka fita a 2000. Ba za mu faɗi sunan makarantar ba, don wasu malamanmu suna raye, kuma har gobe in muka hango su sai gabanmu ya faɗi.

Da muka taru za mu rubuta tarihin ajin, abin da ya fara tare mana hanya shi ne hujja. Duk wanda ka tambaya, shi ne gwanin lissafi, bai taɓa shan bulala ba, kuma shi ne ya taɓa tsayawa ya gaya wa siniya magana. In ruwayar baka za a bi, shekara shida ajinmu bai taɓa samun wanda ya zo na ƙarshe ba. Hoton ranar fita kuwa danshi ya taɓa shi, rabin fuskokin kamar an watsa musu koko. Ana cikin wannan gardama sai ga monitanmu da wata tsohuwar leda. Littattafan rubutu ne guda huɗu, waɗanda ya riƙa rubuta sunayen masu laifi a ciki tun muna aji ɗaya. Mahaifiyarsa ce ta adana su a ƙasan adaka, tana zaton na karatu ne.

Laifi biyu ne suka cika shafukan: surutu da banakula. Ga ƙannenmu da ba su riski zamanin ba, banakula ita ce ka yi Hausa a cikin aji. Tarar naira ɗaya ce a farko, wanda ba shi da ita ya ɗauki langa-langa ya nufi filin ƙwallo. Abin dariyar shi ne, a tsarin 6-3-3-4 da muka yi karatu a ƙarƙashinsa, dole ne ɗalibi ya ɗauki harshen gida, mu kuwa Hausa muka ɗauka. Wato akwai minti arba'in da Hausa take halal, ana karanta Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ana ba da maki. Ana kaɗa ƙararrawa, malamin Hausa ya sa ƙafa waje, sai ta koma abin tara.

Monitan namu mutum ne mai tsantseni. Ba suna kawai yake rubutawa ba, har da kwanan wata da ainihin kalmar da ka furta, don kada ka yi musu. Shi ya sa littattafan suka zama taska. A shafin farko akwai yaron da aka ci tararsa saboda "Wayyo Inna", ranar da ya fara ganin gabza da miyar da ake iya hango gindin kwano ta cikinta. Akwai kuma shari'ar da aka yi muna aji biyu, da wani ya yi atishawa ya ce "Alhamdu lillahi". Aka kai magana gaban malami, ya yanke hukuncin cewa wannan Larabci ne, babu tara. Daga ranar ajin ya cika da malamai. Wanda aka taka wa ƙafa ya ja Innalillahi, wanda aka sace wa kwaki ya yi Hasbunallahu, monita yana zaune da biro ya rasa ta inda zai kama.

Shugabannin ƙasa uku muka gani a shekara shidan nan. Mun shiga a mulkin Janar Sani Abacha, muka ratsa ta Janar Abdulsalami Abubakar, muka fita a farar hula ta Obasanjo. Littafin bai san da wannan ba, sai a wuri ɗaya. A shafin Litinin, 8 ga Yuni, 1998, babu jerin sunaye, kalma biyu ce kawai: "Ajin duka." Ranar ce Abacha ya rasu. Labarin ya shigo lokacin karatun dare daga rediyon maigadi, kowa ya manta da Turanci. Ba a karɓi ko kwabo ba, don malamin da ya zo tsawatar mana shi ma da Hausa ya yi.

Kwana biyar bayan nan, ranar Asabar, Najeriya ta kara da Sifen a gasar cin kofin duniya ta Faransa. Da rana tsaka muka bi ta ɓarakar katanga muka shiga gari, wani shago mai talabijin da janareta. Da Oliseh ya ɗaɗa ƙwallon nan daga nesa aka koma 3-2, shago ya kaure, wani ɗan ajinmu ya rungume mutumin da ke gabansa ya ɗaga shi sama. Da ya sauke shi sai ya ga malamin horo ne. Malamin bai ce komai ba, har tafawa suka yi. Ranar Litinin a asambuli ya karanto sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko mutum guda ba. Ashe murna yake yi yana ƙirga. Ba mu gama noman filin ba sai da Denmak ta lallasa mu 4-1.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a littattafan huɗu, suna ne guda da babu shi. Mun bi su shafi-shafi: kowa ya fito, har shi monitan, wanda ya taɓa rubuta kansa. Mutum ɗaya ne bai taɓa shiga ba, wani siririn yaro mai zama a kujerar baya. Ba ya magana, da Hausa ko da Turanci. Kuma shi ne ya fi kowa aikata banakula a tarihin makarantar, sai dai a rubuce.

Lokacin littattafan soyayya na Kano suna tashe. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da na Balaraba Ramat Yakubu, da na Bilkisu Funtuwa, a cikin buhun kwaki suke shigowa, a ƙarƙashin katifa suke kwana. Muna aji biyar, a 1999, aka yi wani bincike aka kwashe su tas. Ɗakin kwana ya yi tsit kamar gidan makoki. Sai yaron nan ya sayi littafin rubutu mai warƙa sittin ya fara nasa: ɗan mai shayi ya kamu da son 'yar ɗan kwangila. Babi ɗaya duk mako. Kuɗin haya cokalin sukari ne ko ƙuli-ƙuli biyu, kuma ana bin layi gado-gado da tocila. Ku da kuke kukan masu karatu suna matsa muku a kan ci gaba, ba ku ga komai ba. Shi da masu karatunsa ɗaki ɗaya suke kwana. Da ya kwantar da uwar yaron a asibiti, wani siniya ya tashe shi da tsakar dare ya ce in ta mutu, shi ma ya shirya. Washegari ta samu sauƙi.

An kai littafi na uku, an sa ranar auren yarinyar da wani tsohon attajiri, mutane sun taru a ƙofar gida, liman ya gyara zama, sai malamin horo ya kama littafin a hannun wani lokacin darasin kimiyya. Aka bi sawu aka kwashe duka ukun. Bayan mako guda aka aiko kiran marubucin zuwa ofishin malamai. Mun sallama, mun ce kora ce, har an fara rabon bokitinsa. Monita, da aka aika ɗauko alli, shi ya ji abin da ya faru. Malamin ya rufe ƙofa, ya rage murya ya ce, "Kai, wai an ɗaura auren nan ko ba a ɗaura ba?" Littattafan suka dawo da jan biro a kowane shafi: malamin Hausa ya bi duk ƙ da ɗ da ɓ ya sa musu lanƙwasa, ya raba kalmomin da aka haɗe. A shafin wannan rana monita ya rubuta sunan malamin horo da cikakkiyar jimlarsa. Tarar ce dai bai samu ƙarfin halin karɓa ba.

Ba a ji amsar ba, don jarrabawa ta taso. A Afrilun 1999 gwamnatin Abdulsalami ta kafa hukumar NECO mai hedikwata a Minna, kuma mu 'yan 2000 ne zakaran gwajin dafi, mu muka fara rubuta ta a Yuni da Yuli. Ga raɗe-raɗin wai jami'o'i ba za su karɓi sakamakon ba, ga rashin sanin yadda tambayoyin za su zo. Wani ɗan ajinmu ya dawo daga gari yana ta fankama, ya ba da sabuwar takardar naira ɗari, wadda ta fito a Disambar 1999, an sayar masa da tambayoyin NECO na shekarun baya. Kwana biyu muna haddacewa kafin wani ya tambaya: shekarun bayan wa?

Marubucin ya yi alkawarin zai ƙarasa in an gama takardar ƙarshe. Ana gamawa kowa ya ɗauki akwatin ƙarfensa ya nufi tasha. Wayar salula ba ta iso ba sai Agustan 2001, adireshin da muka rubuta wa juna kuwa yawanci akwatin gidan waya ne na ofishin wani kawu. Haka muka watse. Yau a cikin sunayen da ke littattafan monita, bakwai sai an sa "marigayi" a gabansu, har da siniyan da ya ceci uwar ɗan mai shayi, wanda ya maimaita aji ya zama namu. Allah ya jiƙansu.

Bara muka gano marubucin a kasuwar Dawanau, yana sayar da hatsi, kuma yanzu surutu ne da shi kamar ya biya bashin shekara shida. Littattafan uku gara ta cinye su. Muka ce to ya gaya mana da baki, an ɗaura ko ba a ɗaura ba? Ya yi dariya har da hawaye, ya ce wallahi shi ma bai sani ba, mako-mako yake ƙirƙira, ranar da aka kama littafin ma daɗi ya ji. Muka ce ba mu yarda ba. Ya yi shiru, ya ce a kawo masa mai warƙa sittin. Monita ya tsallaka titi ya sayo. Sannan ya buɗe shafin ƙarshe na littafi na huɗu, ya sa kwanan wata, ya rubuta sunansa. A gurbin laifi ya sa: bashin babi ɗaya.