Umaru Musa Ƴar'aduwa, ɗan gidan mulkin da ya faɗi gaskiya a kan kansa



In ka tashi daga Maraɗi ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya, ba ka cika kilomita 100 ba za ka shiga birnin Katsina. Kakannin Maraɗawa daga can suka taso, har gobe kuwa sarautar Maraɗi sunan Sarkin Katsina take amsawa. Don haka labarin da za mu ba ku yau na maƙwabci ne na kusa: marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 2007 zuwa 2010. Da yawanku kuna ƙanana lokacin da ya rasu, wasunku ma ba a haife ku ba. Amma tambayar da rayuwarsa ta tayar ta shafe ku: wanda aka haifa a babban gida, mi ke nasa, mi ke na gidansu?

Mu fara da gidan. Mahaifinsa, Malam Musa Ƴar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne ministan harkokin birnin Legas a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, har sojoji suka kifar da ita a 1966. Wansa Shehu, wanda aka haifa a 1943, soja ne. Da aka kashe Janar Murtala Muhammad a watan Fabrairun 1976, Shehu ne ya zama na biyu ga Janar Obasanjo, su ne kuma suka miƙa mulki ga farar hula a 1979. Bayan ya tuɓe kaki ya shiga siyasa, ya tara jama'a daga arewa har kudu. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta kama shi bisa zargin shirin juyin mulki, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. Kun ga ke nan gidan ya ɗanɗani zumar mulki, ya kuma sha maɗacinsa.

An haifi Umaru ranar 16 ga Agusta 1951. Ya yi karatu a Keffi da kwalejin Barewa ta Zariya, sannan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya gama digiri a fannin kimiyyar sinadarai da koyarwa a 1975. Aikinsa na farko na alli ne da allo, abin da mu a nan muke ce ma mushe. Ya koyar a Legas da Zariya da Katsina har zuwa 1983, kafin ya koma harkar noma da kasuwanci.

Tun yana saurayi ya nuna ba a ja shi da igiya. A jamhuriya ta biyu mahaifinsa na cikin manyan jam'iyyar NPN mai mulki, shi kuwa ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar talakawa wadda ba ta raga ma masu sarauta ba. Ku auna wannan da kanku: uba a wannan ɓangare, ɗa a wancan, ana kuma cin tuwo a gida ɗaya. A 1991 ya nemi kujerar gwamnan Katsina a ƙarƙashin SDP, ya sha kaye hannun Sa'idu Barda. Sunan gida bai hana shi faɗuwa ba. Sai a 1999 ya ci, a ƙarƙashin PDP, ya yi shekara takwas. An san shi da riƙe kuɗin jiha da kyau da gina makarantu, a zamaninsa ne kuma aka kafa jami'ar jihar a 2006, wadda yau take ɗauke da sunansa.

To, nan ne gado ya yi aikinsa. Da majalisar dattawa ta yi watsi da shirin tazarcen Obasanjo a 2006, sai shugaban ya nemi magaji, ya ɗauko gwamnan nan maras hayaniya wanda bai cika fita Katsina ba. Jama'a da dama sun ce albarkacin Shehu ya ci, don Obasanjo da Shehu sun yi mulki tare, sun kuma sha ɗauri lokaci ɗaya. A zaɓen 21 ga Afrilun 2007 ya kara da Muhammadu Buhari, mutumin Daura a jiharsa, da Atiku Abubakar, almajirin wansa a siyasa. Aka ce ya ci da babban rinjaye, amma masu sa ido na gida da na waje suka ce an tafka maguɗi.

Ga abin da ya sa muka zaɓi labarinsa. Ranar 29 ga Mayu 2007, a wurin rantsuwa, gaban duniya, ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasa. Shugabanni nawa kuka taɓa ji sun yi haka? Bai tsaya nan ba, ya naɗa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin tsohon babban alƙalin ƙasa Muhammadu Lawal Uwais. Wata guda bayan rantsuwa kuma ya bayyana dukiyarsa a fili, sama da naira miliyan 850, alhali doka ba ta tilasta masa nuna ma jama'a ba. A 2009 ya yi afuwa ga masu ɗaukar makamai na yankin Neja Delta, suka ajiye bindigogi, haƙar man fetur ta farfaɗo. Waɗannan ba a gadon su. Mutum shi kaɗai ke yanke shawarar faɗin gaskiyar da za ta taɓa shi.

Amma kar mu yi muku tarihin da babu ƙura. Masu suka sun ce gwamnatinsa tafiyar hawainiya take yi. Babbar shawarar kwamitin Uwais, wadda ta ce a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa, gwamnatinsa ba ta karɓa ba. A Yulin 2009 ne aka yi rikicin Maiduguri, aka kashe Muhammad Yusuf yana hannun ƴan sanda, wutar da daga baya ta ƙetaro har Diffa.

Ƙarshen ma akwai abin lura. Ya daɗe yana fama da rashin lafiya. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da shi Jidda, ba a aika ma majalisa takardar miƙa ragama ga mataimakinsa ba. Fiye da wata biyu ƙasa ba ta san halin da shugabanta ke ciki ba, sai jita-jita. Ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. An dawo da shi Abuja cikin dare a ƙarshen watan, jama'a ba su sake ganinsa ba har ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, yana da shekara 58. Washegari aka yi jana'izarsa a Katsina. Mutumin da ya fara mulki da buɗe sirrin aljihunsa, sai ga shi ya ƙare shi cikin ɓoye-ɓoyen na kusa da shi.

Ƴan uwa, cikinku akwai ɗan sarki, akwai ɗan depite, akwai ɗan babban malami ko attajiri. Akwai kuma wanda ubansa bai da komi sai hauya. Kai na farko, sunan gidanku zai buɗe maka ƙofa, wannan ba ƙarya ba ne, amma in ka shiga ɗaki kai za a tambaya. Kai na biyu, dubi abin da ake tunawa da Umaru da shi: ba sarautar ubansa ba ce, ba kakin wansa ba ne, hali ne wanda kai ma kana iya ɗauka tun yau. In an ba ka ajiyar kuɗin ƙungiya, kawo lissafi kafin a tambaya. In zaɓen da ya ba ka muƙami yana da matsala, faɗi. In ka kasa riƙe aiki, miƙa shi tun da sauran ƙarfinka, ka kuma duba irin mutanen da ka tara a gefenka, don su za su yi magana da sunanka ranar da ba ka iyawa.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba ƙasashenmu shugabanni na gari.