Ƙira ko Haɗi? Tarihin Motar Gida a Nijeriya da Batun Sayenta

A ƙasashe da yawa ana gardama a kan ko sayen motar da aka yi a gida yana da sauran amfani, yanzu da kasuwannin duniya suka cuɗanya da juna. A Amurka gardamar ta daɗe. Tun 1982 kamfanin Honda na Japan ya ke yin motoci a jihar Ohayo, Toyota kuwa ya bi sawunsa a Kentaki a 1988, alhali kuwa waɗansu motoci masu sunan Amurka a Meziko a ke haɗa su. Abin ya rikice har majalisarsu ta yi doka a 1992, cewa a liƙa wa kowace sabuwar mota takarda mai nuna kashi nawa na kayanta aka yi a Amurka da Kanada. Mu ma a Nijeriya muna da namu tarihin wannan al'amari, babban rabonsa kuwa a Kaduna da Kano da Bauchi ya faru. Shi za mu bi a wannan takarda, don mu ga amsar da ya ke ba mu.

Kafin mu shiga tarihin, wajibi ne mu tsaya a kan kalmomi biyu, gama a nan ne ruɗanin ya ke. Bahaushe yana da “ƙera”, yana kuma da “haɗa”. Daga “ƙera” aka sami ƙira da maƙeri da maƙera, ma'anarta kuwa a ɗauki ƙarfe wanda ba shi da siffa, a sa shi a wuta, a buga shi har ya zama abin amfani. “Haɗa” kuwa ita ce a kawo abubuwa waɗanda an riga an gama yinsu, a gama su wuri ɗaya. In abubuwan suna da yawa sai a ninka gaɓar farko a ce “harhaɗa”, kamar yadda a ke ce “rarraba” ko “tattara”. Ba wanda zai kira mai ɗaura wa fartanya ƙota maƙeri. Amma a jaridu da rediyo sai a ji an ce “mota ƙirar Nijeriya”, ko “kamfanin ƙera motoci na Kaduna”, ba a damu da wannan bambanci ba. A ganina, wanda ya riƙe shi sosai ya riga ya fahimci rabin tarihin da ke tafe.

Sunayen kayan mota su kansu shaida ne. Inji, birki, sitiyari, giya, batir, taya, fulogi, kafireto, lagireto, salansa, duk daga Ingilishi aka aro su, ko da motar da ke ɗauke da su ta Faransa ce ko ta Jamus. A Nijar kuwa a kan ji buji a maimakon fulogi. Inda Bahaushe ya ƙago nasa suna shi ne wajen aikin da ya ke yi da motar: karen mota, da a-kori-kura, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya, da a-daidaita-sahu na zamanin baya-bayan nan.

Haɗa mota a ƙasar nan ya girmi mulkin kai. A 1959 aka fara haɗa manyan motocin Bedford a Apapa, cikin Ikko, watau Legas. Abin lura game da manyan motocin wancan zamani shi ne, kai da inji da ƙashin mota kaɗai ke zuwa daga Ingila. Bodin katako kafintocin ƙasa ke yinsa, masu zane su yi masa ado, su rubuta masa kirari. Da irin waɗannan motoci aka yi jigilar gyaɗa da auduga da goro. In an auna da ma'aunin da muka kafa a sama, mai yiwuwa ne rabon hannun 'yan ƙasa a jikin waccan mota ya fi na waɗansu da aka yi wa bikin buɗewa daga baya, ko da ya ke ba wanda ya taɓa kiranta ƙirar gida.

Bayan yaƙin basasa, da kuɗin man fetur suka shigo, Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni shida na Turai. Na ƙananan motoci biyu ne, Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, dukansu suka fara aiki a 1975. Na manyan motoci huɗu suka biyo baya daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980: Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, Mercedes a Inugu, Fiat a Kano. Mai karatu zai ga an rarraba su ne ko'ina cikin ƙasa, kowane sashe ya sami nasa. Wannan dabara ce ta siyasa, kuma tana da dalilinta a ƙasar da ta fito daga yaƙi. Amma ta fuskar sana'a, kasuwa ɗaya aka yanka shida, kowane kamfani da irin injinsa da irin kayansa, har ya zamana ba wanda zai sami yawan ciniki da zai sa ya kafa maƙerar inji.

Na Kaduna shi ya fi shahara. An yi rajistarsa a Disamba 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe shi a Maris 1975 a Kakuri, unguwar da masaƙar Kaduna ta ke tun 1957. Ya zo a kan gaɓa, don a farkon shekarar nan ne aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, ga kuma bashin mota da Gwamnati ke ba manyan ma'aikatanta. Motar 504, wadda Hausawa suka mai da sunanta Fijo, ta dace da hanyoyinmu: tana da tsawon ƙafa, tana jure rami da ƙura, makanikin kowane gari ya san cikinta. Zamanin mulkin Janar Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, aka mai da ita motar hukuma, har shugabanni suka shiga cikinta. A 1981 Kaduna ta fitar da motoci kusan 60,000.

To, amma ina kayan suka fito? A shekarun farko, lokacin da tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe, a jirgin sama a ke ɗauko su daga birnin Liyon na Faransa, a sauke su a filin jirgin sama na Kano, a ɗora wa manyan motoci zuwa Kaduna. Inji da giya da fallayen bodi duk a cikin akwati su ke zuwa. Abin da a ke samu a gida shi ne irin su taya da batir da fenti da kujeru da gilashi. Kada a rena wannan, gama dubban mutane sun ci abinci da shi, sun kuma koyi walda da fenti da aikin lantarki bisa ƙa'ida. Amma zuciyar motar ba a nan a ke yinta ba. Shirin da aka yi shi ne kowace shekara a ƙara yawan kayan gida har a kai ga inji. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da fallen ƙarfe, ƙarfen kuwa daga Ajakuta a ke jiransa. An ba kamfanin Tarayyar Sobiyat aikin a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980, amma babban tanderun narkar da tama bai taɓa aiki ba. Masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo kuwa rodin gini aka yi su don su fitar, ba fallen mota ba.

Saboda haka sa'ad da farashin mai ya faɗi bayan 1981, kuɗin waje suka yi wuya, sai akwatunan suka fara yankewa. A 1980 Naira ta fi Dala daraja. Da Gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka fara gwanjon kuɗin waje a watan Satumba, Dala ɗaya ta haura Naira 4. Motar da a ke kira ta gida sai ga farashinta yana tashi daidai da na baƙuwa, domin da Dala da Faran a ke sayen cikinta. Wannan shi ne gwajin da ya bambanta ƙira da haɗi a fili. Da ƙirar gida ce, faɗuwar Naira gata za ta yi mata, tun da za ta fi ta waje araha. Malamin makaranta da ya sayi sabuwar Fijo da bashin mota a 1980, ƙanensa mai irin matsayinsa bai ko yi mafarkinta ba a 1990. Volkswagen ya daina aiki, na manyan motoci suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya.

Gurbin da suka bari tsofaffin motocin Turai suka cike shi. Yarbawa suka kira su tokumbo, waɗansu suka ce 'yar Beljiyam saboda tashar Antwaf da a ke loda su, a Arewa kuwa aka ce 'yar Kwatano. A tashar Kwatano ta ƙasar Binin a ke sauke su, da yawa a rubuta cewa Nijar za su, su hau arewa, sa'an nan su tsallako iyaka ta wajen Maraɗi ko Birnin Ƙonni. Gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga Janairu 2017, amma cinikin tsohuwar mota bai mutu ba, don ita ce abin da aljihun yawancin masu saye ke iyawa. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har wajen 2006, fiye da shekara ashirin bayan an daina yinta a Faransa. A 2003 Gwamnati ta daina saya wa yawancin ma'aikatanta mota, ta mai da haƙƙin kuɗi, kamfanin ya rasa babban mai sayensa. A 2006 aka sayar wa ɗan kasuwa mafi yawan hannun jarinsa, a 2012 hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe shi.

Yana da kyau a dubi Koriya ta Kudu, domin tare muka tashi. Kamfanin Hyundai ya fara ne da haɗa motar Ford a 1968, kamar yadda mu ma muka fara. A ƙarshen 1975, shekarar da aka buɗe Kakuri, ya fitar da motarsa mai suna Pony. Ba tsantsar ƙirar gida ba ce: Ba'italiye ya zana siffarta, fasahar injinta ta Mitsubishi ce ta Japan. Amma sunan nasu ne, ikon sāke kowane ƙusa nasu ne, ga kuma masana'antar ƙarfe ta Pohang tana aiki tun 1973. Mutanen Koriya sun sayi motar gida, da so da kuma tilas, gama an toshe ƙofar ta waje. Kuɗin da suka biya kuwa sun tafi wajen koyon yin abin da ba su iya ba jiya. Mu ma mun sayi Fijo da yawa, ba a rasa kishin ƙasa ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tilasta a mai da cinikin ya zama ƙira.

A 2013 Gwamnati ta sāke gwadawa, ta ɗora harajin da ya kai kashi 70 cikin ɗari a kan motar da aka shigo da ita a gama, ta sauƙaƙa wa masu haɗawa. Kamfanoni da dama suka karɓi lasisi, waɗansunsu kuwa aikinsu bai wuce ɗaura taya da ƙofa ga motar da ta zo kusan a gama ba. Dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare babban rabon harajin, wanda ya zuba jari bisa alkawarin farko ya ga an sāke magana. Duk da haka akwai masu aiki. Innoson na Nnewi, wanda aka buɗe a 2010, ya taso ne daga cinikin kayan babur da yin roba, yana yin bodi da kayan roba a gida, inji kuwa daga waje. A 2022 sabon kamfanin Dangote da Peugeot ya fara haɗa motoci a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Shi kansa Peugeot tun 2021 ya shiga ƙungiyar Stellantis tare da Fiat da Chrysler, har ba shi da sauƙi a ce na Faransa ne kaɗai.

To, sayen motar gida yana da sauran amfani? Ga direban haya ko malamin makaranta, ban ga hujjar ɗora masa laifi ba in ya sayi 'yar Kwatano; ba shi da zaɓi, kuma kuɗinsa na gyara suna ciyar da makanikai da masu kayan mota na Panteka da Ƙofar Ruwa. Ga Gwamnati kuwa amsar dabam ce, domin ita ce mai sayen sabuwar mota da yawa a lokaci ɗaya, ita kaɗai ke iya cewa ba za ta saya ba sai an ƙara kaza daga kayan gida kowace shekara, a kuma ƙidaya a gani. An ba da umurnin fifita kayan gida a 2017, amma a 2023 'yan Majalisar Tarayya suka sayo wa kansu manyan motoci daga waje. Gudun duniya bai hana ƙasa ta sami rabo ba. Maroko ba ta da mota mai suna nata da duniya ta sani, amma tun da Renault ya buɗe a Tanja a 2012, Peugeot kuma a Kenitra a 2019, ta sa masu yin waya da kujeru da sauran kaya suka kafu kewaye da su, har mota ta shiga sahun gaba cikin abin da ta ke fitarwa.

Mu kuwa a wani fannin baya muka ci. Fijon 1980 tana iya tsayawa a kan tayar da aka yi a Ikeja ko Fatakwal, da ƙaron roba na kudancin ƙasar nan. Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya bi shi a 2008. Tun daga nan ɗanyen ƙaro ke fita waje, tayar kuwa ta dawo a jirgin ruwa, a ɗaura wa motar da aka haɗa a Kaduna ko Nnewi.