Wata 22 da Senegal ta ce wa Bature shi ma sai da biza

Tun bayan shirin da muka taɓo maganar biza saƙonni ba su yanke ba, daga Maraɗi, daga Damagaram, har da ƴan uwa mazauna waje. Yawancinsu magana guda suke yi: tunda Turawa suna wahalar da mu kafin su bari mu taka ƙasarsu, ƙasashen Afirka su ma su rama. Mu nan Nijar dama Bature ba ya shigowa sai da biza, kuma ba mu da bakin tekun da za su yi mana tururuwa. Amma akwai ƙasar da baƙin Turai suke kawo wa abinci, wadda ta gwada ramawa, wato Senegal. Ga yadda abin ya faru.

Matasa da yawa ba su sani ba, layin nan na ƙofar ambasad bai daɗe da samuwa ba. Bayan samun ƴancin kai a 1960, ɗan Senegal yana hawa jirgin ruwa daga Dakar ya sauka Marseille ba tare da biza ba. Faransa tana neman hannu a lokacin, masu aiki a masana'antar mota da masu sharar titi, kuma mutanen gaɓar kogin Senegal sun tafi da yawa. A 1974, zamanin Giscard d'Estaing, aka tsayar da ɗaukar ma'aikata daga waje. Sai a Satumban 1986, bayan bama-bamai sun tashi a Paris, gwamnatin firaminista Jacques Chirac ta ɗora biza a kan kusan kowane baƙo in ban da maƙwabtanta na Turai. Daga baya an ɗage wa Amurkawa da wasu masu arziki. Mu kam aka bar mana ita har yau.

Ana rufe waccan ƙofa, ta Senegal tana ƙara buɗewa. Club Med ya kafa wurin hutunsa a Cap Skirring, cikin yankin Casamance, a 1973. A 1984 aka buɗe Saly, kimanin kilomita 80 kudu da Dakar, kusa da Mbour, gari guda da gwamnati ta tsara musamman don baƙi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da sanyi ke cin Turai, jirage suna sauke su. Bafaranshe ya nuna fasfo, a buga masa hatimi, yana da kwana 90.

Cikin masu zuwa hutun, wasu sai suka ƙi komawa, galibi tsofaffi masu ritaya. Lissafin ba shi da wuya. Faransanci ake yi, jirgi awa shida bai cika ba daga Paris, kuma Sefa a ɗaure take da yuro, fanshon mutum ba ya narkewa a hannunsa. Kuɗin da a can da ƙyar zai biya haya da wuta, a Saly ko Somone ko Ngaparou yana ba shi gida da mai gadi da mai dafa abinci. In zai wuce wata uku ya je wurin ƴan sanda masu kula da baƙi ya nemi katin zama, shi ke nan.

Ku riƙe wannan, ku kwatanta da wasu tsofaffin. Sojojin da ake kira tirailleurs sénégalais, waɗanda sunan kawai na Senegal ne amma har da kakanninmu na Nijar a ciki, sun yi wa Faransa yaƙi a Turai da Indochine da Aljeriya. Waɗanda suka tsufa a Faransa suna karɓar kuɗin tallafin tsufa, amma da sharaɗin su zauna can aƙalla wata shida kowace shekara, in ba haka ba a yanke. Dattijo mai shekara kusan 90 yana zaune cikin ɗan ɗaki a gefen Paris, iyalinsa suna gida. Sai a Janairun 2023 aka cire musu wannan sharaɗi, a ƙarshen Afrilu tara daga cikinsu suka sauka Dakar. Duk wanda ya ce haushin da mutane ke ji ba shi da tushe, ya dubi wannan.

To mu koma baya kaɗan. Macky Sall ya hau mulki a 2012. Ran 1 ga Yuli 2013 gwamnatinsa ta fara aiki da abin da ta kira réciprocité, wato yadda ka yi mini haka zan yi maka. Duk ƙasar da ke neman biza daga ɗan Senegal, ɗanta ma sai ya nema. Kuɗin yuro 50 ne, kusan jika 33 namu, alhali bizar Schengen a lokacin yuro 60 ce. Mutum zai cika takarda ta intanet, ya biya, ya fidda resi, sannan a ɗauki hoton yatsunsa a ofishin jakadanci ko a filin jirgin Dakar. An ba wani kamfani mai zaman kansa, Snedai, aikin. Abin da ke ba ni dariya, ministan yawon buɗe ido a ranar da dokar ta fara aiki Youssou N'Dour ne, mawaƙin da muryarsa ta jawo wa ƙasar baƙi fiye da kowace talla.

Mutane da yawa sun ji daɗi, kuma ni ma da ina Dakar a ranar da na tafa. Sai dai bizar biyu ba iri ɗaya ba ne. Ɗan Senegal yana neman randebu wata da watanni, ya haɗa dosiye da takardar banki da ta masauki, ya biya, a hana shi, kuɗin kuma ba ya dawowa. Shi Bature kusan ba a hana shi, ɓata lokaci ne kawai da ƙarin kuɗi. Kuma ɗalibin da ya samu gurbi a jami'ar Lyon ba shi da wata Lyon. Mai neman rana da teku kuwa yana da Maroko, yana da Cap-Vert, yana da tsibiran Canaries. Iyali mai mutum huɗu su ga ƙarin yuro 200 da cike-ciken takardu, sai su juya wani wuri.

Masu otel suka fara kuka tun daminar farko. Ana cikin haka Ebola ta ɓarke a Gine a 2014. Mutum guda tak aka samu da cutar a Senegal, wani ɗalibi da ya shigo daga Gine a watan Agusta, ya kuma warke, a Oktoba hukumar lafiya ta duniya ta ce ƙasar ta fita. Amma wanda ke zaune a Bordeaux bai rarrabe Dakar da Conakry. Don haka ba gaskiya ba ne a ɗora wa biza laifin duka, kamar yadda wasu ke yi. Abubuwa biyun ne suka haɗu, ga tsadar tikitin jirgi. Wanda ya ji a jikinsa dai an san shi: mai gyaran ɗaki da aka ce ta zauna gida, direban taksi, mai sassaƙa, masuncin da ke kai kifi otel. Tsohon Baturen da ke da gidansa da katin zamansa bai rasa komai ba.

A jawabinsa na jajibirin bikin ƴancin kai, farkon Afrilun 2015, Macky Sall ya ce an soke bizar, ya kuma rage harajin da ke kan tikiti. Ran 1 ga Mayu ta daina aiki. Wata 22 ke nan cif. Faransa ba ta ɗage wa ɗan Senegal biza ba a tsawon lokacin. Bizar Schengen ta koma yuro 80 a 2020, ta kai 90 a Yunin 2024, wajen jika 59.

Mu ƴan Nijar dokar ba ta taɓa mu ba, saboda yarjejeniyar CEDEAO ta zirga-zirga da aka sa wa hannu a Dakar ɗin nan ran 29 ga Mayu 1979, wadda ta ba ɗan yankin kwana 90 ba biza. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma CEDEAO ta ce a ci gaba da barin ƴan ƙasashen AES su shiga su fita har sai an yi wata sanarwa, kuma muna tare da Senegal cikin UEMOA.

Maganar ba ta mutu ba. A ƙarshen Disamban 2024, gaban majalisar dokoki, firaminista Ousmane Sonko ya ce gwamnatinsa za ta dawo da ramuwa a kan biza. Namibiya, wadda ita ma baƙi ke kawo wa kuɗi mai yawa, ta riga ta yi: tun 1 ga Afrilu 2025 Bajamushe da Ba'amurke da Bafaranshe sai sun biya kafin su shiga.